Idan Likita Ya Yi Kure, Wa Zai Ce A'a?

Mutane da dama sun ɗauka aikin nas bai wuce cika umurnin likita ba, watau likita shi ne kai, ita kuwa hannu ce kurum. To, amma idan kai ya yi kure, hannun nan yana da ikon ƙi?

A shekarar 1966 wani likitan taɓin hankali a Amurka, Charles Hofling, ya gwada wannan al'amari. Aka sa wani ya buga waya ga ma'aikatan jinya 22, kowace tana bakin aikinta, ya ce shi likita ne, alhali ba su san shi ba. Ya umurci kowace ta ba wani majinyaci miligiram 20 na wani magani, ga shi kuwa an rubuta a jikin kwalin cewa kada a wuce miligiram 10 a yini. Dokar asibiti ma ta hana karɓar irin wannan umurni ta waya. Duk da haka 21 suka ɗauko maganin za su bayar, sai da aka tare su. Maganin dai na bogi ne, ba ya cutarwa.

Abin lura shi ne, waɗannan mata ba jahilai ba ne. Da dama cikinsu sun ga rubutun kwalin sarai. Abin da ya ci su shi ne tarbiyyar da ta nuna musu cewa musu da likita rashin ladabi ne. Ko ƙa'idojin da Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya ta tsara a 1953 sun ɗora wa nas nauyin bin umurnin likita da aminci, sai a gyaran 1973 aka cire wannan, aka ce hakkin majinyaci ne kan gaba.

Masu ja za su ce jirgi ɗaya ba ya son matuƙa biyu, kuma da gaskiyarsu, domin gano cuta fannin likita ne. Amma likita yakan zaga ɗaki ne ya wuce, ita kuwa nas ita ke kwana da majinyaci, ita ke fara ganin numfashinsa ya sauya. Sa'an nan in magani ya yi ɓarna, ba za ta kuɓuta gaban hukumar da ta ba ta lasin don ta ce "sa ni aka yi" ba. A ganina zalunci ne a kama mutum da laifin abin da hannunsa ya bayar, sa'an nan a hana shi ikon tsayawa ya tambaya kafin ya bayar.