Ƙwaƙwalwa da Mai Ita

Duk wanda ya tsaya bakin Matan Fada a Argungu ranar su, ya ga yadda masunci, yana kife bisa goransa da homa a hannu biyu, yake gane motsin giwan ruwa cikin ruwan da ya gurɓace har ido ba ya ratsa shi, to, lalle ya ga aikin wata tsoka wadda nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, wadda kuma ma'abota bincike suka ƙiyasta ƙwayoyin jijiyarta da kimanin biliyan 86, kowace tana sadarwa da dubban 'yan uwanta. Malaman tauhidi sun daɗe suna kafa hujja da kyawun sana'a a kan samuwar Mai sana'ar. Ba mamaki kuwa da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu, mai tafsirin Liya'ut Ta'wili, ya haɗa maslahar addini da ta jiki cikin littafi guda, Masalihul Insan.

Sai dai akwai abin da ya fi tsarin zurfi. Wilder Penfield, likitan ƙwaƙwalwa na Kanada, yakan taɓa saman ƙwaƙwalwar majinyaci da 'yar wutar lantarki alhali yana farke, sai hannu ya motsa, amma majinyacin ya ce ba shi ya motsa shi ba, likita ne. Ashe akwai mai shaida wanda yake rarrabe nufinsa da abin da aka tilasta wa gaɓarsa, kuma a littafinsa na 1975 Penfield ya karkata ga cewa hankali ba ya ƙarewa cikin ƙwaƙwalwa.

Za a ce, ai idan jini ya yanke wa wani sashenta magana takan ɗauke, kamar yadda ake gani ga masu shanyewar ɓarin jiki a asibitocin Birnin Kebbi. Haka ne, ban musa ba. Amma tsinkewar tsirkiya, ko da ta kashe kiɗa, ba ta zama dalili a kan rashin magogi ba. Na'ura tana iya nuna inda zafi ya bi cikin jijiya, alhali jin zafin kansa, da sanin cewa ni ne nake jin sa, babu ma'aunin da ya taɓa kama su, kuma a ganina wanda ya ce tsautsayi ne kawai ya fitar da masani daga nama marar sani, shi ne hujja ta hau kansa.