Shin Gyaran Hannun Da Ya Raunana Jayayya Ce Da Ƙaddara?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya san ƙasar Haɗeja ya san abincin mutanenta a hannunsu yake. Da hannu ake yankan shinkafa a fadamun Auyo, da shi masunta suke jan taru a kogi, da shi ake saran kacalla don a buɗe wa ruwa hanya. Idan kaka ta yi, sai injunan casa da na niƙa su kama aiki dare da rana, kuma a nan ne yatsun samari da yawa suke salwanta. Abin takaici shi ne, sau da yawa akan ɗaure hannun da tsumma a koma gida, a ce ƙaddara ce. Wasu ma suna ganin wai idan likita ya ɗinke abin da ya yanke, an canja halittar Allah ke nan.

Mu fara duba darajar yatsa a shari'a. Diyyar hannu raƙuma 50 ce, ta kowane yatsa kuwa raƙuma 10. An ruwaito cewa da farko Sayyidina Umar ya fifita babban yatsa a kan ƙaramin, amma da ya sami labarin takardar da Manzon Allah (S.A.W.) ya ba Amru ɗan Hazmu, sai ya koma ga daidaita su. To, gaɓar da shari'a ta yi wa wannan kima, yaya za a bar ta ta lalace alhali ga hanyar ceto ta?

Game da canja halitta kuwa, abin da aka hana shi ne sauya lafiyayyar gaɓa don son zuciya. Mayar da wadda ta lalace zuwa yadda Allah Ya halicce ta magani ne. An yanke wa sahabi Arfaja ɗan As'adu hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Annabi (S.A.W.) ya umarce shi ya sa na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. Likitan nan na Andalus, Abul Ƙasim Azzahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana yadda ake raba yatsun da aka haife su a manne. Haka kuma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na ƙasar Malesiya a 2007, ta halatta tiyatar gyara abin da haɗari ko ƙuna suka ɓata.

Shi wannan ilmi ya yi nisa. A 1963 likitoci a birnin Shanghai suka mayar wa wani ma'aikaci hannunsa da inji ya guntule, a 1965 kuma aka mayar da babban yatsa a Japan. Ba kowane yatsa ne yake mayuwa ba, musamman wanda inji ya murƙushe. Amma ko a nan likita yakan ɗinke jijiyoyi, ya daidaita ƙashi, ya rufe rauni da fata, har a sami hannun da zai riƙe lauje. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa tun 1959. Abin da ake bukata shi ne gaggawa. A danne jini da tsabtataccen ƙyalle, a naɗe guntun yatsan a ƙyalle mai laima, a ƙulle shi a leda, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, a nufi asibiti mafi kusa nan take. Matse hannu da ɗauri mai tsanani yakan hana jini gudu har hannun ya ruɓe.

To, ina matsayin haƙuri? Lalle yana nan, amma wurinsa bayan an yi abin da za a iya ne. Jijiyar motsi da aka ɗinke takan ɗauki kamar mako 12 kafin ta yi ƙarfi. Jijiyar ji kuwa tsirowarta kamar milimita 1 ce a rana. Duk tsawon wannan lokaci dole majinyaci ya riƙa motsa yatsunsa yadda masu gashin ƙashi suka koya masa, ko da yana jin zafi, in ba haka ba su sandare, aikin likita ya tashi a banza. Wanda ya jure wannan watanni, yana shafa a kan ɗaurinsa wajen alwala, yana fatan ranar da zai sake ɗaga manuniya a tahiya, shi ne mai haƙuri na gaskiya. Idan bayan duk wannan yatsan bai dawo ba, sa'an nan ne ya dace ya ce ƙaddara ce, zuciyarsa a natse, ladansa na wurin Allah.

Sai dai kuɗin mota da na tiyata sukan fi ƙarfin ɗan ƙwadago. Mai injin da ya bar bel a buɗe ya ji tsoron Allah, ya rufe shi, ya kuma tsaya wa yaronsa. Mawadata su tuna majinyaci matalauci yana cikin masu cin zakka. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle wanda ya ji rauni.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mana gaɓoɓinmu, Ya sa mu yi aikin alheri da su, amin. Wassalamu alaikum.