Ɗana, Ma'aikacin Laburare Ba Ya Sallamar Mai Nema da "Babu"

  Ɗana, wata magana ce ta sa na ɗauki alƙalami, na kuma ga gara in rubuta ta da in faɗa maka a waya, don ka karanta a natse.

Labari ya iske ni cewa wata yarinya 'yar Illo, ɗalibar ajin ƙarshe, ta zo wurinka a ɗakin karatun jami'ar da kake aiki, tana neman abin da za ta dogara da shi ta rubuta kundinta a kan fatauci tsakanin garinsu da ƙasar Benin. Ka buga sunan garin a kwamfuta, ba abin da ya fito, ka ce mata babu, ta gwada intanet. Daga baya ta canza batu, ta ɗauki irin wanda kowa ke ɗauka. Na san ba ƙarya ka yi mata ba, ba kuma wulaƙanta ta ka yi ba, don ba halinka ba ne. Duk da haka raina bai yi daɗi ba. Da baƙo ne ya yi, da na yi masa uzuri. Kai kuwa ɗan Bagudo ne, ka sha ruwan Kwara, ka san hanyar Lolo da ta Tsamiya tun kana bin mahaifinka kasuwa.

Kwamfutar da ke gabanka abin da aka zuba mata kawai take faɗa. Kai aka ɗauka aiki don ka san inda abu yake ko da ba ya ƙarƙashin rufinku. Da ka zaunar da yarinyar nan, ai akwai abin faɗi da yawa.

Illo ba ƙaramin gari ba ne a tarihi. Ita da Busa da Nikki su ne manyan sarautun Borgu, kuma ayarin fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro sun sha yin fito a wannan yanki, su bi ta Jugu har Salaga. Paul Lovejoy ya yi littafi guda a kan wannan fatauci, Caravans of Kola, kuma a Zariya aka buga shi a 1980. Wannan kaɗai ya isa ta fara da shi. A 1894 Lugard da wani hafsan Faransa mai suna Decoeur suka yi tseren isa Nikki, kowa na son ya riga ƙulla yarjejeniya da sarki. A 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Faris suka raba Borgu biyu. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Illo da Busa suka faɗa hannun Ingila, daga baya kuma aka haɗa Illo da Gwandu. Iyakar da muke tsallakawa zuwa Segbana biki ko ta'aziyya, asalinta ke nan.

Yadda aka raba ƙasar haka aka raba takardunta. Rahotannin Di'o da Razdan, da lissafin haraji da jangali, suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, cikin fayilolin Lardin Sakkwato da masu bincike ke kira Sokprof. Na ɓangaren Dahomi kuwa, wato Benin ta yau, sai a Porto-Novo, wasu a Dakar inda gwamnan Faransa na Afirka ta Yamma ya zauna, wasu a garin Aix na ƙasar Faransa. Ba a ce ka kai ta can ba. Amma takardar gabatarwa zuwa ma'ajiyar Kaduna ko cibiyar tarihi ta Gidan Arewa ba ta fi ƙarfinka ba, haka ma kiran wani abokin aiki a ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo da ke jami'ar Sakkwato ka tambaye shi ko an taɓa rubuta kundi a kan Illo ko Ka'oje. Kuma tunda maganar ta zo, ka koyi Faransanci ko da na karanta fayil ne. Rabin labarin garinku da shi aka rubuta.

Sai dai abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Ko da ka tura ta Kaduna, muryar Bature za ta ji, yana faɗin abin da ya gani daga kan doki da abin da tafinta ya ga damar gaya masa. Tamu muryar tana nan gida, ba wanda ya je ya ɗauko ta.

Jami'o'inmu na Kebbi yara ne. Ta Aliero a 2006 aka kafa ta, ta tarayya da ke Birnin Kebbi a 2013, jihar kanta ma a 1991 aka yanke ta daga Sakkwato. Ba za su kamo ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Zariya a yawan littattafai ba, kuma ba laifi ba ne. Littafin kimiyyar da aka sayo da kuɗin TETFund, irinsa yana Legas yana Maiduguri, in ya yage a sake saye. Wasiƙar da wani alƙalin Zagga ya rubuta da ajami kuwa guda ɗaya ce a duniya. Duk jami'ar da ke kusa da irin wannan takarda, ita ke da alhakinta, kuma da ita za ta samu abin da wasu za su yi tattaki su zo nema.

Kada ka raina abin da ke gidajen malamanmu. A 1853 Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Gwandu zamanin Sarki Halilu. A nan aka ara masa Tarikh al-Sudan, tarihin Songhai da Timbuktu, ya zauna ya kwafi abin da ya iya, kuma ta hannunsa malaman Turai suka fara sanin littafin. A ƙasarmu littafin yake, a hannun mai shi. Ka kuma lura da wani abu: Barth ya jingina littafin ga Ahmad Baba, sai daga baya aka tabbatar na Abdurrahman as-Sa'di ne. Idan masani irinsa ya yi kuskuren sunan mawallafi, kai da za ka rubuta bayanin takardun mutane sai ka ninka hattara. Ga kuma Imam Umaru, Bakabe haifaffen Kano, wanda ya yi karatu a ƙasar Sakkwato da Gwandu, ya ƙetara zuwa Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Tarihin da ya rubuta da Hausa wani jami'in Jamus, Mischlich, ya tafi da shi, wasu rubuce-rubucensa kuma jami'ar Ghana da ke Legon ce ta tattara. Masu zuwa nema su ke tafiya da abu.

Magabatanku a wannan aiki ƙafa suka sa. Shirin binciken tarihin Arewa da aka fara a 1964 gida-gida ya bi yana ɗaukar hoton littattafai. Farfesa Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Waziri Junaidu ya buɗe wa Murray Last taskar gidansu, daga nan littafinsa kan Daular Sakkwato ya fito a 1967. A Yamai, Boubou Hama ya tara rubuce-rubucen Larabci da ajami da har yau ake amfana da su. Ba ɗayansu da yake da wayar da ke aljihunka.

To, in Allah ya sa ka fara, ga abin da nake so ka riƙe. Za a fito maka da gafaka daga ƙuryar ɗaki, fatar ta bushe, igiyar ta tsinke an ɗaure da tsumma. Ka wanke hannu ka tsane, ka shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa, ka buɗe a hankali. Warƙoƙin ba a ɗinke suke ba, saboda haka kada ka jera su yadda ka ga dama. Dubi ƙasan shafi, za ka ga kalma ɗaya a gefe, ita ce farkon shafin da ke biye, da ita magabata ke gane tsari. Ka nemi shafin ƙarshe, inda mai kwafi kan rubuta sunansa da na wanda ya yi wa kwafin, wani lokaci har da rana da wata. Ɗaga warƙa ɗaya ka haska ta da rana: in ka ga jinjirin wata uku a jikin takardar, irin wadda ake kawowa daga Italiya ce ta hanyar Masar da Tarabulus, kuma wannan na taimakawa wajen kintatar zamaninta. Kada ka manna salatif a inda ya yage, kada ka sa fil ko ƙusar ofis don suna tsatsa, kada ka bari a kai ta shago a rufe da leda mai zafi. Da fensir za ka yi rubutunka, kuma a littafinka, ba a jikin takardar ba.

Kada ka roƙi a ba ka ka tafi da ita. A gidaje da yawa za ka ji an ce wani ya taɓa ara bai mayar ba, kuma tsoronsu na da dalili. Ɗauki hoto a gabansu, ka rubuta sunan gidan da garin da ranar, ka tambaye su abin da suka yarda a nuna wa jama'a da wanda ba su yarda ba. Takardar gado da ta rikicin gona da laƙanin gida ba naka ba ne da za ka baza. Ka buga musu kwafi ka kai da kanka, ka nuna musu yadda za su ɗaga gafakar daga ƙasa saboda gara da laima. Hotunan kuma kada su kwana a waya ɗaya. A ajiye su wuri uku, ɗaya a wajen garin. Ka tuna Timbuktu a watan Janairun 2013, lokacin da aka ƙona dubban littattafai a cibiyar Ahmad Baba. Mu nan ba sai an kai ga haka ba, ambaliya irin ta 2020 ta isa.

Ba takarda kaɗai ba. Yankinmu akwai Busawa da Kyangawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani, kuma ka sani yaran Kyangawa da yawa yanzu Hausa suke tashi da ita. Tsohuwar da ta iya kirarin gidansu da harshensu, da masuncin da ya san sunan kowane gurbi a kogi da yadda ruwa yake kafin a datse shi a Kainji a 1968, in sun tafi ba inda za a sake samun abin da ke kansu. Ka zauna da su ka naɗi murya da izininsu. Haka abin da ke faruwa yau. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, mu ne muka ga abin da hakan ya yi wa 'yan kasuwa da direbobi da masu kwale-kwale da farashin shinkafa. Wa ya rubuta? Nan da shekara talatin wani ɗalibi zai zo neman wannan, kuma ba zai samu komai ba sai sanarwar gwamnati, in ba ku tanada ba.

Na san abin da za ka ce: ba kuɗi, ba wuta, kai ƙaramin ma'aikaci ne. Gaskiya ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ban ce ka tsallake shugabanninka ba. Amma akwai aikin da ba ya cin ko kwabo. Kundayen da ɗalibai ke rubutawa duk shekara, a jami'o'i da yawa a ƙasa suke a jibge cikin sito. Ka nemi izini ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka fitar da duk wanda ya shafi Bagudo da Dandi da Suru da Yawuri, ka rubuta sunan batu da shekara da inda yake a kanta. Wata shida kana wannan, za ka zama mutumin da malamai ke turo ɗalibai wurinsa. Da irin wannan jerin a hannu ake zuwa gaban shugaba a nemi kyamara da kuɗin mota, har a rubuta wa masu ba da tallafi kamar shirin Laburaren Birtaniya na ceto takardun da ke cikin haɗari.

Sannan ka gyara fuska a teburin nan. Yaron da ya fito daga Bahindi ko Kende, wataƙila bai taɓa ganin littattafai jere a kanta ba sai ranar da ya shigo wurinku. Kunya yake ji, ba ya son a gane bai san yadda ake nema ba. In ya same ka kana latsa waya, juyawa zai yi, kuma ba zai dawo ba sai daren jarrabawa. Tashi ka raka shi har kantar, ka nuna masa yadda lambar ke aiki, ka tambaye shi garinsu.

Yarinyar nan kuwa ka neme ta. Ko ta riga ta yi nisa a sabon batun, ka ba ta sunayen wuraren da na lissafa maka, wataƙila ta koma kansa a digiri na biyu. In ka zo Sallah ka taho da littafin rubutu da fensir da wayarka cike da caji. Akwai wani dattijon limami da na yi wa maganarka, ya ce ka zo bayan la'asar, amma sai ka fara biyawa ta wurin mai gari ka gaishe shi, ka faɗa masa abin da ke tafe da kai.

Allah ya yi maka albarka. Ka gaida maiɗakinka da yara.