Ɗaukar Cuta Tsakanin Sababi da Ƙaddara

Ɗaukar cuta, wato tashin ciwo daga wani jiki zuwa wani, tsohuwar mas'ala ce a wurin malaman Musulunci, kuma duk lokacin da annoba ta sauka sai ta sake tasowa. A watan Agusta na 2016 dabbobi suka shiga yin ɓari a yankunan Cintabaradan da Tasara, a arewacin jihar Tawa ta Nijar, makiyaya kuma suka riƙa kwanciya da zazzaɓi, wasu har da zubar jini. Cibiyar Pasteur ta Dakar ta tabbatar zazzaɓin Rift Valley ne, cutar da aka fara ganewa a Kenya a 1931. Kafin ƙarshen Satumba mutum fiye da 20 sun rasu. Abin ya zo daidai da taron lasar gishiri na Ingal, kuma garkunan arewa su ne ke gangarowa bayan girbi su ci kara a gonakin Adar, irin na Kalfu. Shin dabbobin ne suka sa wa masu su ciwo, ko faɗin haka jayayya ce da ƙaddara?

Abin da ke kawo wannan zazzaɓi bairos ne. Bairos guntun rubutun gado ne, DNA ko RNA, a naɗe cikin ɓawon furotin. Wasu, kamar na ƙyanda da na Rift Valley, suna da ƙarin mayafi na kitse, wanda sabulu ke wargazawa. Na shan inna faɗinsa kusan nanomita 30 ne, ita kuwa nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita. Bairos ba ya ci, ba ya numfashi, ba ya girma, ba ya tafiya da ƙafarsa. A 1892 Dmitri Ivanovsky ya ga cutar ganyen taba tana ratsa matacin da ke tare bakteriya, a 1935 kuma Wendell Stanley ya daskarar da ita kamar gishiri, ya narkar, ta sake kama ganye. Har yau masana na saɓani kan ko za a kira irin wannan abu mai rai.

Jikin mutum da na dabba an gina su ne da ƙananan ɗakuna da ake kira sel. Bairos ba ya shiga sel sai furotin ɗin da ke bayansa ya dace da wani furotin a bangon sel ɗin, dacewar makulli da kwaɗo. Shi ya sa shan inna ke yawo tsakanin mutane kaɗai, cutar bushiya ta riƙa kashe shanu ta bar makiyayi, Rift Valley kuwa ya sami ƙofa a jikin tunkiya da mutum da sauro gaba ɗaya. Idan ya shiga sai ɓawon ya buɗe, rubutun ya fito. Daga nan sel ne ke yin aikin, kamar marubucin da ke kwafe duk takardar da aka ajiye gabansa ba tare da ya tambayi mai ita ba. Yana ƙera sababbin bairos da kayansa da ƙarfinsa, su fita su kama maƙwabta, shi kuma sau da yawa ya mutu. A Rift Valley hanta da mahaifa ne ke shan wuya, daga nan ɓarin yake. Maganin kashe bakteriya da ake saya a tebur ba shi da abin da zai kama a nan.

Nassoshin da malamai suka yi ta juyawa suna da fuska biyu, kuma wasu daga cikinsu a kan raƙuma suke. Akwai hadisin da ya kore yaɗuwar cuta. A cikinsa wani baƙauye ya kawo hujjar raƙumi mai ƙazuwa da ke shiga garke lafiyayye ya ɓata shi, Manzon Allah (SAW) ya mayar masa da tambayar wanda ya sa wa na farko. Akwai kuma hadisan da suka hana mai raƙuma marasa lafiya kai su mashaya tare da masu lafiya, suka hana shiga garin da annoba ta sauka ko fita daga cikinsa. Lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham. Da Abu Ubaida ya tuhume shi da gudun ƙaddara, sai ya ba shi misalin kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda makiyayi ya kora raƙumansa, cikin ƙaddara yake.

Ibnus Salah ya haɗa nassoshin da cewa cuta ba ta yaɗuwa da ɗabi'arta, amma Allah ya sanya cuɗanya ta zama sababi, wanda wani lokaci yakan ƙi ci. Ibnu Hajar ya fi karkata ga barin korewar a kan faɗinta, ya ɗauki umarnin nisanta a matsayin kariyar aƙida, kada wanda ya kamu ya jingina abin ga wanin Allah. Ibnul Khatib na Garnaɗa, wanda ya ga annobar 1348 da idonsa, ya ce abin da aka gani ya tabbatar da yaɗuwa, ya kafa hujja da mutanen da suka keɓe kansu suka tsira. Littafin tauhidi na Sanusi, Ummul Barahin, da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, yana bin hanyar Ash'ariyya: wuta ba ta ƙonawa da ikon kanta, Allah ke halittar ƙuna a yayin haɗuwarta da abu, bisa al'adar da ya gudanar.

Ilimin bairos ya fi zama daidai da maganar Ibnus Salah. Larabawan jahiliyya sun ɗauki cuta kamar mai nufi, haka ma sunan shan inna ya samo asali daga imanin cewa iska ce, Inna, ke shanye ƙafar yaro. Abin da madubin likita ya nuna ba shi da nufi ko kaɗan, kuma sababi ne mai yawan ƙin ci: cikin yara 200 da shan inna ya shiga jikinsu, kusan ɗaya ne ke shanyewa har abada. Ra'ayin Ibnu Hajar kuwa yana da wuyar riƙewa a zahirinsa bayan an ga hanyar da idon na'ura. Tambayar wanda ya sa wa na farko ma tana da amsa ta kusa. Ƙwan wani nau'in sauro na iya riƙe bairos ɗin Rift Valley cikin busasshiyar ƙasar tabki, ya ƙyanƙyashe idan ruwa ya yi yawa. Sai dai wannan tura tambayar baya ne kawai, domin asalin bairos na farko masana ba su daddale a kansa ba, kuma awon ɗakin gwaji ba ya iya tantance ko sababi ke aiki da kansa ko ana halittar sakamako a tare da shi.

A aikace, hukuncin hana kai garke mara lafiya mashaya ya faɗaɗa da faɗaɗar sanin hanyoyi: jinin yanka, ɗan tayin da aka ɓarar, ɗanyen nono da cizon sauro, su ne aka gargaɗi makiyaya da mahauta a kansu a 2016. Bushiya, wadda ta share garkunan Sahel a shekarun 1890, an fara yi mata allurar haɗin gwiwa a Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru a 1962, aka kuma bayyana ƙarewarta a duniya a 2011.