Kunnen Majalisa: Na Mai Ƙuri'a Ne Ko Na Mai Kuɗi?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mana kai-kawo a zuci, wadda muke ganin ta cancanci marubuta su zauna su dube ta da idon basira. Idan wakilan jama'a suka taru a zauren majalisa domin tsara doka, muryar wa suka fi ji? Ta talakan da ya sha rana a layi ya jefa musu ƙuri'a, ko ta kamfanin da ke da lauyoyi da masana da ofis a babban birni? In kuwa ta tabbata muryar mai kuɗi ce ta fi kaiwa kunne, mene ne ya wajaba a kan talaka?

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Mutanen Ogoni ƙaramar al'umma ce a Jihar Ribas, manoma da masunta, waɗanda kamfanin Shell ya fara haƙo mai a ƙasarsu tun 1958. Da malalar mai ta ɓata gonaki da ƙoramu, sai suka kafa ƙungiyar MOSOP a 1990, suka rubuta buƙatunsu suka miƙa wa gwamnati. A ranar 4 ga Janairun 1993, kimanin mutum 300,000 suka fito zanga-zangar lumana, kuma a cikin shekarar Shell ya daina haƙo mai a yankin. Jagoransu, Ken Saro-Wiwa, marubuci ne irinmu, ya ma taɓa shugabantar Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya. A watan Mayun 1994 aka kashe wasu dattawan Ogoni huɗu a cikin wata tarzoma, gwamnatin Janar Abacha ta ɗora masa laifin, wata kotun musamman ta yanke hukunci, aka rataye shi tare da mutum takwas a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamban 1995.

Mai karatu zai iya cewa ai wancan zamanin soja ne, babu majalisa balle wakilci. To, mu duba abin da ya faru da farar hula suka dawo. An fara kai ƙudurin gyaran harkar man fetur gaban Majalisar Tarayya a 2008, amma bai zama doka ba sai a watan Agustan 2021, da Shugaba Buhari ya sa masa hannu. A tsawon waɗannan shekaru kamfanonin mai ba su ɓoye ƙorafinsu kan haraji da kuɗin da za a ɗora musu ba. Su kuwa al'ummomin da ake haƙo man a ƙofar gidansu, kashi 10 cikin ɗari suka nema. Majalisar Wakilai ta ce kashi 5, ta Dattawa ta ce kashi 3, daga ƙarshe aka tsaya a kan 3, na kuɗin da kamfani ya kashe wajen gudanar da aikinsa a shekarar da ta gabata. Dokar ta ƙara da cewa idan aka fasa bututu da gangan a wani yanki, daga kason mutanen yankin za a cire kuɗin gyara.

A nan sai mu yi adalci. Kamfani ya je majalisa ya faɗi abin da zai amfane shi ba laifi ba ne, domin ko a kasuwar ƙauye kowa na da damar yin ciniki, kuma ƙasa na bukatar masu zuba jari. Aibin yana cikin rashin daidaito. Kamfani kullum yana bakin ƙofa da takardunsa a tsare, ya san wane kwamiti ne ke zama, ya san wace kalma ce in an sauya ta za ta rage masa miliyoyi. Talaka kuwa sau ɗaya ake nemansa a shekara huɗu. Saboda haka ɗan majalisa na iya cin amana ba tare da ya karɓi ko kwabo ba, muddin ya bari wanda ya iya isowa gare shi kaɗai ne yake saurara. Wakilci amana ce, kuma ma'anarta ita ce ka tsaya a madadin wanda ba ya nan. In kuma har kuɗin mai neman alfarma ya shiga yaƙin neman zaɓe, magana ta ƙare, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan cuta ba tamu ce kaɗai ba. A Amurka, tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2010 cewa ba za a ƙayyade wa kamfanoni abin da za su kashe da kansu wajen tallar siyasa ba, ake ta jayayya a kan haka.

To, gwagwarmayar talaka tana da amfani kuwa? Wanda ya dubi kashi 3 zai ce an yi wahalar banza. Mu dai ba mu ga haka ba. Kafin mutanen Neja Delta su ɗaga murya, babu dokar da ta tilasta wa kamfani ya ware wa mazauna yanki asusu irin wannan. A 2009 Shell ya biya dala miliyan 15.5 don sasanta ƙarar da iyalan waɗanda aka rataye suka shigar a Amurka, ko da yake bai amsa laifi ba. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tsabtace ƙasar Ogoni na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, wato ta gaskata kukan da aka ce ƙarya ne. A 2021 wata kotu a Holan ta ba wasu manoman Neja Delta gaskiya bayan shekara 13 ana shari'a. A 2025 Shugaba Tinubu ya yi wa mutum taran nan afuwa, masu fafutika suka ce mai laifi ake yi wa afuwa, su wankewa suke nema. Nasarori ne masu tafiyar hawainiya, amma babu ko ɗaya da ta zo don raɗin kanta.

Sai dai gaskiyar manufa ba ta wanke kowace hanya. Jinin dattawa huɗun nan ma jini ne, kuma shi ya ba masu bindiga hujjar da suke nema. Haka nan a watan Janairun 2021, a wurin sauraron ra'ayin jama'a kan wannan ƙuduri a Majalisar Wakilai, wakilan al'ummomin suka kaure da dambe a junansu kan wanda zai yi magana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya tashi neman haƙƙi, wajibi ne ya tsare hannunsa daga jini, ya riƙe ɗan'uwansa, sannan ya san doka saɗara bayan saɗara kamar yadda lauyan kamfani ya san ta, domin sau da yawa a cikin kalma guda ake kayar da talaka bayan an watse daga filin zanga-zanga.

A nan ne nauyi ya hau kanmu, mu masu alƙalami. A watan Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da aikin haƙo mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe. Duk ranar da aka fara kwasar man, dokar da ta shafi masuncin Ogoni ita ce za ta shafi manomin Alkaleri. Nawa ne daga cikin manoman nan suka taɓa jin abin da ta ƙunsa da harshen da suke fahimta? Muna rubuta labaran soyayya, kuma babu aibi a ciki, amma wanda ya iya sarrafa Hausa har ya sa mai karatu hawaye, ya iya fayyace masa sashen doka. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu fara da karanta dokar, mu mayar da ita Hausa, mu kai ta gidan rediyo da dandalin ƙauye, don ranar da ɗan majalisa ya dawo neman ƙuri'a ya tarar da masu tambayarsa sashe kaza, da wane ɓangare ya ɗaga hannu.