Gwangwanin da Ke Tare Numfashin Inji

Idan aka ɗaga bonet ɗin motar da mai ita ya ƙara wa ƙarfi, manyan kaya ne suke fara ɗauke ido: turbo mai siffar katantanwa, bututun ƙarfe masu sheƙi, matatar iska mai faɗin baki. Sai an jima ana kallo sannan a lura da wani ɗan gwangwanin alminiyom da aka ɗaure a gefe, wanda bai fi gwangwanin madarar gari girma ba. Tiyo biyu ne a kansa, ɗaya na shiga ɗaya na fita, sai ɗan famfo a gindinsa. Ba ya juyawa, ba ya ƙara, ko wayar lantarki ɗaya ba ta shiga jikinsa ba, kuma bai ƙara wa motar gudu ko na taku ɗaya ba. To me ya zaunar da shi a nan?

Amsar tana can cikin silinda. Fistin yana hawa yana sauka, fetur da iska suna kamawa da wuta a samansa, ƙarfin fashewar ya danno shi ƙasa. Abin da ke hana wutar wucewa ta gefensa shi ne ringi, yawanci guda uku, biyu na tare matsi ɗaya na share baƙin mai. Amma duk wanda ya taɓa riƙe ringi a hannu ya san ba cikakken zobe ba ne, akwai ɗan giɓi a inda bakunansa biyu suka fuskanci juna. Da gangan aka bar shi. Ƙarfe yana buɗewa idan ya ji zafi, kuma da an haɗe bakin ruf, da inji ya ɗau zafi bakunan za su tokari juna, ringin ya kankare bangon silinda ko ya karye. Saboda haka ko sabon inji fil, wanda yau aka fito da shi daga masana'anta, yana yoyon hayaƙi zuwa cikinsa. Da wannan yoyon aka ƙera shi, in babu shi ma ba zai yi aiki ba.

Abin da ya zurare ɗin yana sauka ne cikin tumbin inji, inda karanshaf ke juyi a saman kaskon baƙin mai. Hayaƙi ne haɗe da fetur ɗin da bai ƙone ba, da tururin ruwa mai yawa, domin ƙona lita ɗaya ta fetur yana haifar da ruwa kusan lita guda. A can ƙasa kuma karanshaf yana juyi sau dubbai a minti ɗaya, yana kaɗa baƙin mai har ya zama hazo. Idan aka rufe wa wannan haɗin hanya, matsi zai taru ya nemi inda ya fi rauni, ya ɓalle gasket, ya turo sil, wani lokaci har sandar gwada mai ya tunkuɗo waje.

Motocin dā ba su wahalar da kansu ba. Bututu ne kawai aka saƙalo daga inji zuwa ƙarƙashin mota, iskar gudu tana zuƙe hayaƙin tana watsarwa, man kuma yana ɗiga a kan titi, shi ya sa tsofaffin hanyoyin Amurka suke da baƙin layi a tsakiyar kowane hannu. Haka aka tafi har hazon hayaƙi ya addabi birnin Los Angeles, idanun mutane suna yaji. A farkon shekarun 1950 wani masanin sinadarai haifaffen ƙasar Holan, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa tururin mai da hayaƙin motoci ne suke haɗuwa da hasken rana su zama wannan hazon. Daga 1961 sababbin motocin da ake sayarwa a jihar Kalifoniya suka fara zuwa da wani ɗan bawul da ake kira PCV, ba da jimawa ba kuma ya game ko'ina. Aikinsa shi ne ya kwashi numfashin tumbin inji ya mayar da shi hanyar shigar iska, a sake ƙona shi. Wato aka koya wa inji haɗiye abin da a dā yake tofarwa.

Dabarar ta yi, kuma ga motar da aka bari yadda aka ƙera ta, ta wadatar. Ɗan man da yake biyo hayaƙin ba shi da yawa, kuma a injinan da ake fesa fetur a bakin ƙofar silinda, fetur ɗin yana wanke bayan bawul ɗin wannan ƙofar duk lokacin da ya wuce. Dattin ba ya samun wurin zama.

Matsalar tana soma ne ranar da aka ce a ƙara ƙarfi. An sa babban turbo, an sake tsara kwamfutar inji, ana cusa wa silinda iskar da ta ninka wadda ta saba shaƙa. Matsin da ke kan fistin ya ƙaru, giɓin ringi kuwa yana nan, sau da yawa ma masu haɗa irin wannan injin sukan ƙara buɗa shi saboda ƙarin zafi. Yoyo ya yawaita, hazon mai ya yi kauri, ya shafe bututu, ya kwanta a cikin na'urar sanyaya iska, ya shiga silinda ya rage wa fetur juriya har inji ya fara ƙwanƙwasa. Sannan yawancin injinan zamani masu turbo suna fesa fetur ne kai tsaye cikin silinda, ba ya bi ta kan bawul balle ya wanke shi. Man yana sauka a kan ƙarfe mai zafi, ya soyu, ya bushe, wani ya hau kan wani, kamar ƙanzo a gindin tukunya, har ƙofar iska ta ƙuntata. A Turai da Amurka kanikawa sukan kwance hanyar iskar su yi wa bawul feshin niƙaƙƙen ɓawon gyaɗar walnot da iska mai ƙarfi kafin ƙanzon ya fita. A injin dizal kuwa man yana cakuɗa da baƙin toka na hayaƙin da ake mayarwa ciki, ya zama kamar kwalta, abin da ya sa masu Hilux da Land Cruiser a Ostareliya suke yawan ɗaura irin wannan gwangwanin.

Shi gwangwanin a tsakiyar hanya ake sa shi, tsakanin tumbin inji da mashigar iska. Idan aka buɗe shi sai a yi mamakin ƙarancin abin da ke ciki: fili, da ɗan shinge na ƙarfe, da raga mai kama da soson ƙarfe na wanke tukunya. Hayaƙi yana shigowa a guje ta siririn tiyo, ya tarar da ɗaki mai faɗi, gudunsa ya ragu. Ya ci karo da shinge, dole ya yi kwana. Iska tana iya kwana da sauƙi, ɗigon mai kuwa nauyinsa yana hana shi, sai ya maƙale a raga, ya haɗu da ɗan'uwansa, su yi nauyi su faɗo ƙasa. Abin da ya rage mara nauyi ya wuce a ƙona shi. Wuri da ɗan jinkiri, su ke nan sirrin. Akwai masu arha a kasuwa waɗanda babu shinge babu raga a cikinsu, kyan gani kawai, hayaƙi ya shiga ya fita da kayansa.

Mutum ya daɗe yana wannan numfashin kafin a ƙera mota. Duk mai aiki da gaske akwai abin da ke zurare masa ciki: baƙar maganar da mai saye ya yaɓa wa ɗan kasuwa, tsawar da aka yi wa ma'aikaci a gaban na ƙasa da shi, bashin da aka ƙi biya. Wani a hanya yake zubar da nasa. Da ya yi sallama yara sun watse, ya sauke a kan wanda ya fara gani, shi ya sami sauƙi, mutanen gida su kwana da yajin ido. Wani kuma haɗiyewa yake yi, ana yabonsa da haƙuri, kuma yabon gaskiya ne, domin yawancin abin da ya haɗiye yana ƙonewa. Yana da mai wanke masa ƙofa: zaman majalisa bayan la'asar, abokin ƙuruciya da ke kiran sunansa gatsal, taubashin da zai tsokane shi a bainar jama'a har ya yi dariyar kansa.

Sai a wayi gari an ƙara masa ƙarfi. Kujera ce, ko kuɗi, ko rawani. Matsin ya ninka, ringin kuwa na dā ne. Abin lura shi ne, a daidai wannan lokacin ne mai wankin yake daina wucewa ta ƙofarsa. Majalisa ta yi masa nisa, abokin ƙuruciya ya koma cewa ranka ya daɗe, taubashi sai ya cika takarda kafin ya gan shi. Duk abin da ke shigarsa aiki ne kai tsaye. Yana nan yana haɗiyewa kamar yadda ya saba, ba wanda ya ga canji a shekarar farko ko ta biyu, sai daga baya a ji ana cewa ya zama mai ƙunci, magana kaɗan sai ya ƙwanƙwasa.

Masu sa'a a cikinsu suna da gwangwani a gefe. Uwargida ce, ko tsohuwar da ta haife shi, ko wani amini da bai taɓa neman komai a wurinsa ba, wani lokaci ma direbansa. Ba su da maganin damuwarsa. Wuri kawai suke ba shi ya yi magana, su ɗan juya masa ita, mai nauyin ya faɗo a wurinsu, shi ya tashi sakayau ya koma bakin aiki. Kuma kamar wancan na cikin bonet, ba su ake nuna wa baƙi ba idan ana yabon motar.

Sai dai gwangwani yana cika. Bawul ɗin PCV ba ya neman kulawar kullum, wannan kuwa duk wanda ya ɗaura shi ya ɗaura wa kansa aikin juye shi. Idan aka manta ya cika, hayaƙin da ke wucewa zai kwashi ruwan a dunƙule ya watsa cikin inji, abin da a dā yake shiga ɗigo-ɗigo ya shiga gaba ɗaya. A ƙasashen sanyi irin Kanada ruwan da ke ciki yakan daskare ya toshe tiyo, matsi ya koma baya ya fasa sil, wato abin da aka sa don kariya ya jawo ɓarnar da ake gudu. Haka ma ranar da matar da ta shekara ashirin tana saurare ta fashe, kowa sai ya riƙe baki yana cewa dā ba haka take ba.

Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta san wannan halin. A ƙa'idojinta na wasu rukunonin motocin tsere, injin da numfashinsa yake buɗe dole ya zuba a matari mai cin lita 2 idan bai wuce cc 2,000 ba, lita 3 idan ya wuce, don kada mai ya zuba a hanya ya kwashe tayar na baya. Ta kuma ce matarin ya zama na roba mai nuna abin da ke ciki, ko a yi masa 'yar taga. Yawancin waɗanda ake sayarwa don motar gida ba su da taga, alminiyom ne rufe ruf, sai an kwance ko an zaro sandar gwaji.

Idan kanike ya buɗe famfon, abin da ke fitowa ruwa ne mai launin shayi da madara, yana warin fetur. In aka zuba shi a kwalba aka bar shi ya kwana, sai ya rabu, ruwa a ƙasa, mai a sama. Gwangwanin bai gyara ringi ba, amma yawan abin da ya tara yana faɗa wa mai ido halin da ringin yake ciki, muddin an san tsawon tafiyar da aka yi kafin ya taru. Shi ya sa kanike yakan ɗaga kwalbar ya duba ta a hasken rana, sannan ya juyo ya tambayi mai motar, “Alhaji, yaushe rabon da a juye shi?” Alhaji ya dubi gwangwanin, ya dubi yaronsa, yaron ya dubi ƙasa.