Tawakkalin da Wani Zai Biya Kuɗinsa

Dokar aikin gwamnati ta ce ma'aikaci ya sauka idan ya cika shekara 60 a duniya ko 35 a bakin aiki. Ni ban kai ko ɗaya ba, amma zuciyata ta daɗe tana raya mini in ajiye. Ina da gonar gado a bayan garin Bakori, ƙasa ce da masara da waken suya ke so, kuma ƙarfina bai ƙare ba. In na jira sai na tsufa, da wane ƙarfi zan noma ta?

Abin da ya riƙe ni shi ne hawan jini. Muddin ina aiki, ana cire wani abu daga albashina a zuba a asusun taimakekeniyar lafiya na Jihar Katsina, mu ga likita mu karɓi magani da sauƙi. Ranar da albashi ya tsaya, wannan cirewar ma ta tsaya.

Da na faɗa wa wani aminina, sai ya ce, "Haba Malam, ina tawakkalinka? Cuta da waraka ai duk na Allah ne." Gaskiya ya faɗa, kuma na yi imani da ita. Sai dai na ga yadda abin ke kasancewa a gidajenmu. Magidanci ya faɗi da shanyewar ɓarin jiki, a garzaya da shi babban asibitin Funtua, a ce sai asibitin Shika. Daga nan wa ke biya? Matarsa ta sayar da awakinta da kayan ɗakinta. Ƙanensa ya jinginar da gona. A buɗe rumbu a kai masara kasuwa tun ba ta yi daraja ba, yaro ya zauna gida don babu kuɗin makaranta. Wanda ya ce ya yi tawakkali yana kwance, waɗanda bai shawarta ba su ke ɗauke da nauyin. Dukiyar matata haƙƙinta ce, shari'a ba ta ba ni damar jefa ta cikin haɗari don in cika burina ba. Wannan ne ke hana ni barci, fiye da tsoron cutar kanta.

Na san akwai malamai da ke ƙyamar inshora saboda garari, wato rashin tabbas a ciniki, kuma suna da hujja. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta haramta inshorar kasuwanci, amma ta halatta ta taimakon juna. Asalin wannan tsoho ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa mutanen ƙabilar Ash'ar, idan abinci ya yi musu ƙaranci, sukan tara abin da ke hannunsu wuri ɗaya su raba daidai, kuma Manzon Allah (SAW) ya yabe su a kan haka. Ashe zuba kuɗi a asusun da wani marar lafiya zai amfana, ko da ni ban kwanta ba, ba raunin imani ba ne.

Tun 2022 dokar ƙasa ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, akwai kuma tsarin da wanda ba ya karɓar albashi zai biya da kansa duk shekara. Don haka ba zan miƙa takardar ajiye aiki ba sai na yi rajista a can, na ware buhunan masarar da za su biya kuɗin kowace kaka, na kuma zauna da uwargida na ji ta bakinta. In ta ce in ƙara haƙuri, zan ƙara.